Dutsen Ƙadangaru

Litinin, 5 ga Mayu

Auta ta kawo wa babanta kyamara, da wani dogon gilashi da ake ɗaura mata a baki, wai yana kusanto da ƙananan abubuwa. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙofar lambu bai leƙa ba. Yau ya fita da sandarsa. Na yi hamdala. Na zaci furannina zai ɗauka.

Laraba, 7 ga Mayu

Ƙadangaru. Duk yawan halittar Allah, sai ƙadangaru.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya sa na kafa masa kyamarar a kan ƙafafunta uku, gaban wani faffaɗan dutse kusa da igiyar shanya, inda ƙananansu ke shan hantsi. Yakan zauna awa biyu ba motsi. Da rana ya kira ni: "Malama, zo... ki gani." Na zo da saurina, don kalma huɗu a jere ba ƙaramin abu ba ne a bakinsa yanzu. Sai ga kan ƙadangare ya cika hoton, fata duk ƙuraje-ƙuraje, ƙafar tururuwa na reto a gefen baki, ido na kallona. Na ce masha Allah, na je na kurkure bakina. Abincin rana bai ciwu ba.

Talata, 13 ga Mayu

Kashinsu a kan mayafin sallata da na shanya. Baƙi, da ɗigon fari. Na wanke sau uku, zuciyata ba ta kwanta ba, na sake. Har na idar da la'asar ina tunanin ko da saura. Shi kuwa har suna ya raɗa wa wani mai yankakkiyar wutsiya. Wai Guntu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yana barcin rana na fesa maganin ƙwari a jikin katanga, da ƙarƙashin dutsen, da ramukan tururuwa. Ba ƙadangarun na nufa ba. Haka dai na gaya wa kaina.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kwana uku dutsen wayam. Ba tururuwa, ba masu cin su. Yau bai fito ba, ya juya fuska bango kamar da. Auta ta bugo waya: "Mama, lafiya? Baba ya daina turo min hotuna." Na ce yana hutawa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma tun ina riƙe da allo na san hukuncin hakan.

Litinin, 19 ga Mayu

Na faɗa masa. Ya kalle ni ya ce, "Har... Guntu?" Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi.

Talata, 20 ga Mayu

Na wanke katangar da dutsen, bokiti tara. Na barbaɗa sukari don tururuwa su dawo. Ni, da hannuna, ina kiwon tururuwa don ƙadangare ya ƙoshi. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga: "Malama, ƙasar za ki haɗa wa shayi? In kawo madara?" Na ce mata na gode.

Laraba, 28 ga Mayu

Biyu sun dawo. Har yanzu suna wannan gyaɗa kan nasu da na tsana. Na shiga na ba shi labari. Bai juyo ba, sai ya ce, "Wutsiya?" Na ce dogaye ne duka.

Asabar, 31 ga Mayu

Ya fito. Ya ce gefen inuwa na yin duhu a hoto, in riƙe farin kwali ina mayar da haske. Na tsuguna, taku ɗaya tsakanina da dutsen. Sai na ji abu a bayan ƙafata, sanyi-sanyi, da 'yan farata. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo min a zuci.

"Kar ki motsa," ya ce. "Shi ne."

Ban motsa ba. Ya karkato kyamarar da hannunsa mai lafiya. Na ji ƙyas sau huɗu, sannan na ji dariyarsa, wadda na manta yadda take.

Na wanke ƙafar da sabulu. Sau ɗaya. Gaggawa nake yi, shi ya sa.

Hoton abin ƙyama ne har yanzu. Amma yatsun Guntu biyar ne, sirara, ya ɗora su a kan ɗan yatsan ƙafata, kuma wutsiyar ta fara tofowa. Ba kallo na tsaya yi ba, wucewa nake.

Mayafin na mayar da shi wata igiyar nesa da dutsen. Sukarin ma ya kusa ƙarewa.