Baba da Giwa Mai Tsagaggen Kunne

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna na nan da faɗanta, Auta kuwa ya yi tsawo har ya fara raina ni.

Saƙonka ya iso, cewa a shirya Baba ya taho wurinka a yi masa aikin gwiwa, ya kuma zauna can ya huta. Ban ƙi ba, amma ina roƙon ka ɗan saurara mana, ga dalili. Ka san tun da ƙafa ta hana shi shiga daji ɗaukar fim ɗin namun dawa, ni na gaji aikin. Yanzu ba a kwanciya cikin ciyawa kamar zamaninsa. Ina da ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauko hoto daga sama, ga kuma kyamarar da muka kafa a bakin tafki, wadda ake juya ta daga nesa. Jirgin bai taɓa burge Baba ba, wai daga sama kana ganin garke amma ba ka ganin ido. Ita kyamarar tafkin ce na haɗa masa a ɗakinsa, da allon kallo a gefen gado da abin sarrafawa a hannunsa.

Yaya, da ka ga yadda muka koma, da ka yi dariya har ka faɗi. Da zarar dabba ta bayyana a allo sai ya hana kowa motsi. Ya sa Inna ta cire awarwaro, ya hana kunna turare, magana sai raɗa. Na sha gaya masa tafkin nan yana da nisan tafiyar yini, amma hali zanen dutse. Rannan tari ya taso masa, ya danne har idonsa ya kawo ruwa, don kada barewa ta firgita.

Sai ga tsohuwar giwar nan mai tsagaggen kunne, wadda ya yi shekara da shekaru yana bi. Ya taɓa gaya mana in iska ta juya takan ɗaga hanci ta shaƙi warinsa, ta tsaya jim, sannan ta ci gaba da shan ruwa. Wannan karon ta zo daf da kyamarar, hoto ya fito ras, irin wanda bai taɓa samu ba. Ta sha ruwanta ta wuce. Ina murna, na waiga na ga ya ajiye abin sarrafawar. Ya ce ta wuce shi kamar kututture, ba ta san yana nan ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Tun ranar bai sake cewa a kunna allon ba.

Ni da kai mun san in ya taho wurinka da wuya ya sake ganin dajin. Don haka ka bar mini shi zuwa lokacin da garken giwar zai dawo tafki. Zan ɗauke shi a mota, ba kyamara ba jirgi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɓoye wa iska, zan zaunar da shi inda iskar za ta kwashi warinsa ta kai wa giwar. Bayan nan sai ka aiko a ɗauke shi.

Ka gaishe mini da Anti, da takwaran Baba, da Sarkin Kuka. Inna ta ce a shafa kan jaririya.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Direbar Sama, kamar yadda kake tsokanata