Na Amsa Kiran Asibiti Da Muryar Ummata

Assalamu alaikum Admin, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagi. Na riga na yi wa kaina zagin da zai ishi unguwa guda a raba.

Shekarata sha shida, muna zaune a Unguwar Shanu, ni da Ummata kawai. Abba ma'aikacin gwamnati ne, an mayar da shi wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ni kuwa Allah Ya hore mini kwaikwayon murya. In na yi muryar shugabar makarantarmu, har maigadi sai ya gyara tsayuwa. Amma wadda na fi ƙwarewa a kai ita ce ta Umma. Na taɓa kiran malamin Islamiyyarmu da ita na ce, "Malam, yarinyar nan zazzaɓi ya kwantar da ita." Bawan Allah ya jero mini addu'ar da ta kusa kai mu la'asar, ni kuwa ina miƙe a tabarma ina ɓarar gyaɗa.

Wata biyu da suka wuce Umma ta ce in raka ta asibiti. Sai a cikin keke take gaya mini tana ganin jini ba lokacin al'ada ba. Ta ce, "Ke kaɗai na gaya wa. Kada Abbanki ya ji, kada Gwaggonki ta ji. In ta ji, kafin magariba duk unguwar Kawo ta ji." A asibiti muka zauna a benci da mata, wata nas tana bayani. Ta ce sankarar bakin mahaifa tana daɗewa ba ta nuna alama, shi ya sa ake dubawa. Ana sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa a buɗe, a shafa ruwan khal a bakin mahaifar, in wani wuri ya yi fari to akwai abin da ya kamata a ƙara dubawa. Ni da na ji khal sai na raɗa wa Umma, "Saura latas da tumatir." Ta mintsine ni tana danne dariya. Da ta fito daga ɗakin da aka duba ta, ba ta dariya. Nata ya yi fari.

Bayan mako guda muka koma, likita ya duba da wata na'ura mai ƙara girman abu, ya ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa za a kai ɗakin gwaji. Nas ta ce, "Hajiya, farin nan ba shi ne hukunci ba, naman nan ne zai faɗi gaskiya. In sakamako ya fito za mu kira ki."

Ranar wata Talata Umma na wanka, wayarta na hannuna ina kallon bidiyo, sai baƙuwar lamba ta shigo. Na ɗauka masu tallan magani ne, na ce bari in ja su da wasa. Na gyara maƙogwaro na ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Aka ce, "Hajiya ce?" Na ce, "Ita ce, 'yar nan." Sai matar ta ce, "Daga asibiti ne. Sakamakonki ya fito, likita na son ganinki. Don Allah kada ki wuce makon nan, kuma ki zo da wani babba." Na ce, "Lafiya dai ko?" Ta ce, "Ki dai zo, Hajiya. Ba maganar waya ba ce." Wallahi da muryar Umma na yi mata godiya. Ban ma san ta yaya ta fito ba.

Umma ta fito tana goge fuska ta ce, "Da wa kike magana?" Na ce, "Masu talla ne." Me ya hana ni faɗa a take? Na ce bari ta ci abinci tukuna. Da ta ci, na ce bari gari ya waye. Washegari lambar ta sake kira wayar na hannuna, na danna na toshe ta. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na farko wasa ne ya kai ni, na biyu kuwa da hankalina na yi.

Yau kwana sha tara ke nan. Umma ta yanke wa kanta hukunci, ta ce, "Shiru ma magana ce. Da sun ga wani abu ai da sun neme ni." Ranar Juma'a ta soya waina ta ce sadakar godiya ce, ni ta ba tiren na zaga gidajen layinmu. Kowace ƙofa sai a ce, "Allah Ya karɓa, sadakar me?" Ni kuma in ce, "Ta samun lafiya." Gida takwas na faɗi haka.

A makaranta ƙawayena sun ce aljanun surutuna sun yi hijira. Suna cewa, "Ke, yi mana Ummanki tana cinikin kifi mana!" Sai in ce maƙogwarona ke ciwo. Wa zan gaya wa? Abba ya zo ya koma, na yi ta kallon bakinsa na kasa gaya masa. Gwaggo an hana ni. Wadda nake kai wa kowace damuwa kuwa ita ce na yi wa laifin. Muna cin tuwo a kwano ɗaya, tana ba ni labarin ofis tana dariya, ni ina jin kamar a wata unguwa nake zaune ni kaɗai.

Na bincika a waya, na ga wai wani lokaci ba sankarar ba ce tukuna, sauyi ne da in an kama shi da wuri ana magance shi. Da wuri. Ni ce na cinye mata kwana sha tara daga cikin wurin nan. Jiya kuma na shiga bayan gida na tarar ta jiƙa zani a bokiti ta rufe da faranti. Na ɗaga, ruwan ya yi ja. Na mayar da farantin yadda na same shi.

Na buɗe lambar tun shekaranjiya, ina fatan su sake kira da kansu, amma shiru. Ban san ko za su ƙara nema ba, tunda a wurinsu Hajiya ta ji saƙo da kunnenta ta ƙi zuwa. Duka ba ya ba ni tsoro, ta dake ni har hannunta ya gaji. Fuskarta nake tsoro, lokacin da za ta gane wainar nan ta soya ta ne a kan ƙaryata. Na san dole gobe ta je asibitin nan. Abin da ban sani ba shi ne kalmar da zan fara da ita, kuma wane babba zan samo mata tunda ta hana kowa ya ji. Iyayena mata da ke shafin nan, ku ɗauke ni kamar 'yarku ku gaya mini: me zan yi?