Jikata Ba Yunwa Ke Damunta Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Lafiya mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da ɗawainiyar wannan shekara, wadda ruwa ya ɗauke mana alhali gero na cikin ɗaukar ciki, mulki kuma ya koma hannun soja, kowa na jira ya ga inda aka dosa. Na san teburinka cike yake da takardun yunwa. Tawa ba ta yunwa ba ce, don haka nake roƙon ka karanta ta har ƙasa.

Ni wanzami ne a wani ƙauye cikin karkarar Tchaké. Malamin lakkwal ɗinmu, wato makarantar boko, ke rubuta mini, amma maganar tawa ce.

Na farko. Wata biyar ke nan da ɗiyata Rabi ta haifi mace, muka sa mata Balki. Tun ranar farko yarinyar ke minshari, ko idonta biyu. Mata suka ce belu ne, wato ɗan naman nan na maƙogwaro da mu wanzamai ke cire wa jarirai. Rana ta uku na ɗauko zabirata na zo. Da na buɗe bakinta sai na ga haɓarta ta shige ciki kamar an tura ta da babban yatsa, ganɗarta a tsage, harshen ya koma baya ya zauna bisa hanyar numfashi. In aka kwantar da ita rigingine, ƙirjinta ya lotsa, leɓenta ya yi baƙi. Na mai da aska cikin zabira. Matata ta ce, "Malam, ka cire ma ɗiyan mutane, taka jika ka ƙiya?" Na ce mata wannan ba aikin aska ba ne. Gaskiya kuwa hannuna ne ya ƙi, tsoro ya kama ni.

Na biyu. Majo, wato malamin asibitin ƙauyenmu, ya ba mu takarda zuwa birni. Can muka iske wani lokotoro, babban likita baƙo da ya zo tare da masu agaji, yana aiki da wani ɗan ƙasarmu mai gyaran haƙori. Na zaci yanka ta za su yi. Ba su yanka ba. Mai haƙorin ya auna bakinta da wani abu kamar ƙullu, ya ƙera mata ganɗar roba da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, da 'yar wutsiya a baya mai turo harshe gaba, da igiya biyu da ake manna wa a goshi don kada ta zame. Da aka sa mata ta yi kuka ta gaji, ta yi barci ba minshari. Shiru ɗin ya firgita Rabi, ta kara kunnenta a hancin yarinyar, sai ga ta tana hawaye tana dariya. Ranar nan na fara ganin jikata ta shanye nonon da aka tatsar mata ba ta sarƙe ba. Suka ce mana baki na girma, dole a sake auna shi a ƙera wata, har haɓar ta fito ta daina bukatarta.

Na uku, kuma nan kukana yake. Da lokacin ya yi muka koma, baƙon ya tafi, ɗakin an mai da shi na yara masu tamowa, mai haƙorin an ce an tura shi wani aikin, ba wanda ya san ina. Sau uku muna zuwa, daga amalanke zuwa motar kasuwar Mayahi. Sau ukun nan da an ga ramar yarinyar sai a ɗora ta bisa ma'auni, a nuna mana layin tamowa. A zuwa na ƙarshe na fito da robar daga aljihu na nuna wa wata ma'aikaciya, ta ce, "Baba, yi haƙuri, bana duk ɗiya haka suke." Ban ga laifinta ba, na ga yawan matan da ke gabanta. Amma ranka ya daɗe, Rabi na da nono har yana jiƙa mata riga. Balki ba ta iya sha da numfashi lokaci guda, shi ne ramarta.

Robar ta yi mata kaɗan, ta ji mata ciwo a dasashi. Yau sati biyu da muka cire ta. Minsharin ya dawo. Rabi da uwarta ke karɓa-karɓa, suna riƙe da ita rub da ciki bisa ƙirji, ba daka, ba zuwa rijiya. Uban yarinyar yana can Najeriya wajen bida, neman kuɗi.

Na huɗu, ba don a tausaya mini zan faɗe shi ba. Cikin aikina na taɓa ganin irin wannan haɓa sau biyu a gidajen mutane. Duka biyun na cire musu belu, na karɓi goro, na yi addu'a. Ba wanda ya kai arba'in. Na ce kwanansu ne ya ƙare, iyayen ma haka suka ce, har yau suna gaishe ni da mutunci. Allah Ya yafe mini. 'Yan'uwana wanzamai na nan suna yin abin da na yi, don ba wanda ya taɓa gaya mana.

Ga roƙona. A nemo mai haƙorin nan, a ba shi ko da yini guda a wata da kayan aikinsa, a sanar da majojin ƙauyuka ranar. A gaya wa masu auna yara su duba haɓa da cikin baki kafin su nuna layi. Wanzamai kuwa a bar mini su. In ka ba ni izini, zan bi kasuwanni daga Mayahi har Tessaoua in nuna musu tsohuwar robar, don daga bakina za su fi ji.

Ka san yadda kaka yake da jikarsa. Amaryata ce, haƙƙina ne in tsokane ta. Shekaranjiya na ce mata, "Ke amarya, da wannan minsharin naki wa za ya zamna da ke?" Ta dube ni ta yi dariya, ta farko da ta taɓa yi mini. Sai numfashin ya sarƙe, muka kifa ta muna shafa bayanta har ta dawo. Tun ranar Rabi ta hana kowa yi mata wasa, har ni. Ina zama kusa da ita in ɗaure fuska, ita kuwa tana ta kallona tana jira.

Allah Ya ba ka ikon dubawa da wuri, Ya raya maka naka, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Kakan Balki, wanzami, karkarar Tchaké.