Shirun Baba da Faifan Gregory

Takoma Park, Maryland
Asabar, 12 ga Nuwamba, 2011

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa an yi Sallah lafiya, ya karɓi layya, ya maimaita mana. Ƙanena Khalil ya gaya mini ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta taka zuwa filin idi, na yi murna ƙwarai. Ni ma lafiyata ƙalau. Ina nan a ɗakin ƙasa na gidan Martha, tsohuwar malamar makarantar nan da na taɓa ba ku labarinta. Taga ɗaya ce a ɗakin, kuma ƙafafun masu wucewa kawai nake gani ta cikinta. Sanyi ya fara shigowa. Ranar Sallah na je Landover gidan Malam Abdulhamid na gidan rediyo, matarsa ta yi waina da miyan taushe, yaransu na gaishe ni da Hausa ina amsawa su kuma su ci gaba da Turanci. Na ci na ƙoshi, na dawo ɗakina kafin la'asar, domin washegari akwai aiki.

Baba, ina roƙon alfarma ɗaya kafin ka ci gaba. Ka sa tabarau ka karanta wannan takarda da kanka. Kada ka ba Khalil ya karanta maka. Za ka ga dalili a gaba.

Yau wata biyar da kwana shida da fara aikina a ɗakin gwajin ji da ke Beltsville. Aikin shi ne in sa mutum a wani ƙaramin ɗaki da sauti ba ya shiga, in sa masa abin saurare a kunne, in riƙa aika masa ƙara iri-iri, shi kuma ya danna maɓalli duk sa'ad da ya ji. Har yanzu sai na duba kowane sakamako sau biyu kafin in sa hannu. A watan Satumba wani mutum ya zo mai suna Gregory, ɗan shekara arba'in da huɗu, makaɗin jita. Na nemi izininsa kafin in rubuta labarinsa, ya ba ni. Shekara ashirin da biyar ya yi yana kiɗa a gaban manyan lasifiku, jinsa ya ragu sosai, musamman a kunnen hagu. Da na gama yi masa bayani sai ya ciro faifai daga aljihun rigarsa, ya ce shi da abokansa huɗu suka yi shi, shi ne kuma ya haɗa sautin. Ya ce a waƙa ta takwas akwai wata siririyar ƙara da ya sa da gangan, amma yanzu ya kasa tantance ko tana cikin faifan ne ko kuwa wadda ke cikin kansa ce yake ji, domin tasa ba ta daina ba dare da rana. Ya roƙe ni in auna masa. Na ce zan auna, tunda ba aiki ne mai wuya ba.

Na san ba ka son kaɗe-kaɗe, ni ma ban tashi da su ba, saboda haka ka yi mini haƙuri in bayyana. Irin kiɗan suna kiransa metal, wato ƙarfe, kuma sunan ya dace da shi. Jita ce ta lantarki mai gurnani, da ganguna masu saurin da sai ka rantse mutum biyu ne ke bugawa. Reshen da su Gregory suke bi ba na rawa ba ne. Waƙa ɗaya takan kai minti goma sha ɗaya, tana sauya tafiya sau biyar ko shida, ta yi tsawa, ta koma taushi kamar ana lallashin jariri, ta sake tashi. Kuma faifan gaba ɗaya labari ɗaya ne, waƙa tara, minti hamsin da takwas, kamar tatsuniyar da aka raba gida tara. Niyyata in tsallaka kai tsaye zuwa ta takwas, amma Gregory ya ce in ba a faro daga farko ba ba za a gane ba. To ranar wata Asabar da azahar, bayan an tashi daga aiki, na zauna a mota a wurin ajiye motoci na sa faifan.

Labarin wani mutum ne da ke kula da injinan tura ruwa a ƙarƙashin wani gari. Ba a faɗi sunansa ba. Yana da 'ya guda, wata mace ce ke rera muryarta. A waƙar farko komai fes yake: ana jin farantan tagulla na mai ganga suna walƙiya, ana jin ɗigar ruwa, muryar yarinyar kamar tana kujerar da ke gefena. A ƙarƙashin duk wannan akwai bugun injin. Na ƙirga, bugu bakwai ne yake zagayowa maimakon huɗu da aka saba, sai ya zama kamar tafiyar mai ɗingishi. Ban kai minti biyu ba na gane inda na san shi. Ranar da Mama ta aike ni in kai maka abinci masaƙa, ina aji huɗu, mai gadi ya bar ni na leƙa ɗakin injinan saƙa. Ƙarar ta shige ni har ƙirji, na saki kwanon. Shi ne wannan bugun.

Abin da Gregory ya yi, wanda ban taɓa jin an yi ba, shi ne ya ɗauki takardun gwajin jinsa na shekara da shekaru ya yi aiki da su. A kowace waƙa yana rage kaifin sautin daidai gwargwadon abin da kunnensa ya rasa. A waƙa ta uku farantan tagullar sun dushe. A ta biyar babu ɗigar ruwa, kuma ba za ka lura da lokacin da ta tafi ba. Gangunan da gurnanin jitar suna nan da ƙarfinsu, domin sauti mai kauri shi ne na ƙarshen barin mutum, shi ya sa mai wannan ciwon ba ya yarda cewa yana da shi. A waƙa ta bakwai yarinyar ta girma ta yi nisa, tana kiran ubanta ta waya. Muryarta tana nan, kana jin tana magana, kana jin ma tana kuka, amma an shafe duk sautuka masu kaifi, irin su sa da sha da fa da tsa, saura gunaguni kamar ana magana a bayan bango. Uban kuwa abu ɗaya yake maimaitawa, da murya mai daɗi, cewa to, ya yi kyau, ya yi kyau. Sau goma sha huɗu ya faɗa. Na ƙirga.

A nan na kashe faifan, Baba. Na daɗe zaune riƙe da sitiyari.

Ina da ɗan littafi da nake rubuta abubuwa, ka san halina. Tun da na zo ƙasar nan a Agustan 2007, kowace Lahadi nake kiran gida. A shekarar farko kakan yi minti huɗu ko biyar kana tambayata karatu da sanyi da ko akwai masallaci kusa. Daga tsakiyar 2009 ba ka ƙara cika minti ɗaya ba. Ranar Sallar nan daƙiƙa goma sha tara ce. Kullum abin da kake cewa shi ne to, madalla, ga mamarki. Da na yi wa Mama ƙorafi sai ta yi dariya, ta ce ina 'yar fari me nake so ka ce mini, ai kunya ce, tun da aka haife ni ba ka taɓa kama sunana ba. Gwaggo Sadiyya kuma ta ce fushi ne, wai don ka ce in an gama a dawo gida ni kuma na nuna alamar zama. Na fi yarda da maganar Gwaggo, saboda ranar uku ga Maris na bara. Ranar na kira ka daga gadon asibiti, na ce maka an yi mini tiyata a ciki an cire afendis, ni kaɗai ce, ina jin tsoro. Ka ce to, madalla, ga mamarki. Ban gaya wa kowa ba, amma wannan kalma ta zauna mini a maƙogwaro shekara ɗaya da wata takwas. An ce shiru ma magana ce, ni kuwa na fassara naka da mafi munin fassara.

A cikin motar nan sai na tuna abin da kakan ba mu labari kana alfahari, cewa a ɗakin injinan saƙa ba a magana da murya, baki ake kallo, har kana iya gane abin da mutum ke faɗa daga ƙarshen ɗaki. Shekara ashirin da shida ka yi kana wannan. Mutumin da ya iya karanta baki haka, wa zai gane a gida cewa jinsa ya ragu? Mama tana gabanka in tana magana. Khalil yana gabanka. Ni kaɗai ce ba ni da fuska, sai murya a cikin waya, kuma muryata siririya ce, irin wadda take fara ɓacewa. Na kira Khalil na yi masa tambayoyi ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce rediyonka har maƙwabta na ji. Ya ce ka daina zama a majalisar ƙofar masallaci bayan magariba, kuma magariba lokaci ne da duhu ke rufe bakin mutane. Ya ce in an yi maka magana ta baya sai an taɓa ka. Shekara huɗu na yi ina karanta wannan ciwon, na ci jarrabawa a kansa, na gane shi a kunnen baƙi sama da ɗari biyu, amma ban gane shi a kunnen mahaifina ba sai da wani Bature mai dogon gashi ya kaɗa mini shi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne, shi ya sa kunyar ta fi yawa.

Dole in faɗi gaskiya: ban tabbatar ba. Ban gwada ka ba, kuma ba a yanke hukunci a kan kunnen da ba a auna ba. Mai yiwuwa Gwaggo ce da gaskiya. Akwai kuma wani abin da nake neman gafararka a kansa. Na kama kaina ina fatan ya zama kunnen ne. Wace irin 'ya ce za ta so ubanta ya rasa ji don kada ya zama yana fushi da ita? Na yi istigfari, amma fatan bai tafi ba.

Na ƙarasa faifan bayan kwana biyu. Ƙarar tana nan a waƙa ta takwas, a gefen hagu, minti huɗu da daƙiƙa goma, na auna na gaya wa Gregory, ya ji daɗi. Waƙa ta tara ba ta da daɗin ji. Yarinyar ta daina kira. Uban ya rasu ana ce masa mai taurin zuciya, injin ya ci gaba da bugunsa bakwai har faifan ya ƙare. Na tambayi Gregory me ya sa babu wanda ya yi tunanin rubuta wa mutumin takarda. Ya ce shi ma bai yi wannan tunanin ba, da ya yi da an sami waƙa ta goma.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Akwai asibitin kunne a can gida Kaduna. Ka bari Khalil ya kai ka a yi maka gwajin da nake yi wa mutane. Ba allura, ba ciwo, bai wuce minti talatin ba. Za su ba ka takarda mai layuka biyu, ja da shuɗi, ita nake so in gani. Idan abin da nake zato ne, jin da ya tafi ba ya dawowa, ba zan ruɗe ka ba, amma akwai ɗan abin da ake sawa a bayan kunne wanda zai dawo maka da majalisarka, kuma aikina ne daidaita shi. Na tambaya a wurin aiki, za su ba ni hutun mako biyu a watan Maris, in zo in sa maka da hannuna. Idan kuwa kunnenka lafiya lau yake, fushin ne, to ka rubuta mini hakan a layi ɗaya. Zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne Lahadi ta zo ina riƙe da waya ban san wanne ne ba.

Ka gaishe mini da Mama, da Gwaggo Sadiyya, da Khalil, da Rumasa'u da maigidanta da jaririnsu da ban gani ba tukuna. Ka gaishe da Baba Katung, abokin aikinka na masaƙa, shi ma in zai yarda ku tafi gwajin tare. Malam Abdulhamid ne zai taho da wannan takarda ranar Laraba, zai kuma dawo bayan mako uku, ya ce zai biyo ta gida kafin ya taso. Na sa farar takarda da ambulan a ciki. Na riga na rubuta sunana a bayan ambulan ɗin da hannuna, don kada ka ce sai ka kama sunan 'yar fari kafin ka ba ni amsa.

Allah ya bar mana kai. Wassalam.

'Yarka mai jiran amsa,
Haula