Kwalbar Da Ke Bisa Almuwar

Kalle, Yamai

Zuwa ga Yayata Delu, a Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zafi da yawan ɗaukewar wutar kuran.

Yaya, na zaɓi takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Gidan haya muke, ko tari ka yi maƙwabta sun ji.

Kin san tun da aka rufe iyakar Benin aikin fiton kaya na maigidana, Baban Safiya, ya tsaya cik. Biro, wato ofishinsa, a buɗe, amma ba kamiyo ko ɗaya da ke shigowa da kaya. Yakan fita da safe ya dawo kafin hantsi, ya zauna gindin dogon yaro, ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya sake zama. Kwanan nan kuma ya manne wa waya. Da na kai masa shayi na leƙa wayar, sai ga bidiyon wani Bature mai furfura riƙe da ɗan kofin gilashi, yana shinshinawa yana lumshe ido. Wiski ne, Yaya. Irin na ƙasar Sikotlan, wai singil malt, wanda aka yi da sha'ir zalla a gida guda. Aikin Baturen ke nan, ya jera masu araha, ya ɗanɗana, ya ba kowace kwalba maki kamar malamin lekol.

Ke kaɗai kika san yadda na ɗauko shi daga Kwatano a wancan zamanin, yana aman jini, da abin da lokotoro ya ce game da hantarsa. Tun daga nan bai sake sha ba. Na tuna masa, ya yi dariya ya ce kallo ba sha ba ne. Amma ya haddace su kaf: wannan tamanin da biyu, wai tana ƙanshin zuma da tuffa, waccan tamanin da shida, wai hayaƙi da gishirin teku. In yana faɗa har miyau yake haɗiya.

Ki sa mu a addu'a. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Iklima

*

Yaya Delu,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da kilishi da rubutun da Malam ya yi. Yaya jikin autarki?

Abin da nake tsoro ya shigo gida. Ranar Laraba ya dawo da leda baƙa ya wuce ɗaki. Da na bi shi bai ɓoye ba: kwalba ce, mai maki tamanin da shidan nan, ya samo a wani kanti. Ya ce ba sha zai yi ba, so yake kawai ya san tana nan. Ya ɗora ta bisa almuwar, kabad ɗin tufafinmu, bayan akwatin lefena, bakinta a rufe yadda aka sayo ta.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗora tukunya in koma in duba kwalba. In tayar da salla, hankalina na bisa almuwar. Shekaranjiya na tsinci kaina tsakiyar Babbar Kasuwa ban san abin da na je saye ba, na zagaya rumfunan atamfa na dawo hannu banza. Shi ma haka. Yakan sauko da ita, ya ɗaga ta saitin taga, ya karanta rubutun jikinta, ya mayar. Safiya ta tambaye ni ko turare ne, na ce eh, Allah ya yafe mini.

Kin ce in zubar a masai. Na ɗauko, har na kai ƙofar bayi. Sai na tuna kantin bai rufe ba, kuma ta biyu ba bisa almuwar zai ajiye ta ba. Kin ce in kai ƙara wajen wansa Alhaji Hasan. Yaya, mutumin da aiki ya riga ya kayar, in tona masa asiri gaban dangi, me zai rage masa?

Ban san abin yi ba. Ki gaida Malam.

Taki,
Iklima

*

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa. Ki yafe shirun da kika ji.

Ranar Lahadi da hantsi ya ce in shirya mu je Tondibiya, garkarsa, lambun nan na bakin gulbi da ya saya lokacin da kasuwa ke ci, ya bar wa ciyawa. A taksi na ga ledar a cinyarsa.

Muka zauna gindin mangwaro. Ya murɗe murfin, ya tsiyaya a kofin shayi, ya kai hanci kamar yadda Baturen ke yi. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini wai in shinshina in faɗi gaskiya. Na ce ni dai warin tayar da aka ƙona nake ji, da alkol ɗin da ake goge wurin allura da shi. Ban ji zuma ba balle tuffa.

Sai ya kurɓa, Yaya. A gabana. Ya riƙe a baki, idonsa ya kawo ruwa, ina kallon maƙogwaronsa ina kiran sunan Allah a zuci. Can ya juya ya tofar a ƙasa. Ya ce shi ma bai ji zumar ba, ɗakin nan na Kwatano ya ji, da bokitin da nake tara masa. Ya ce ba giyar yake kewa ba, kewar lokacin da wayarsa ba ta yin shiru yake. Daga nan ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani ba, ni ma na taya shi.

Ni ya ba kwalbar. Na tuttule ta can nesa da mangwaron, na cusa ta cikin shara.

Ba zan ce miki an gama ba. Iyaka na nan a rufe, kanti na nan a buɗe. Amma yanzu kullum yana sammako zuwa garka, shi da wani Bazabarme maƙwabcinsa, Isaka, suna tayar da fangalin ganyen salati da albasa. Hannunsa duk ya yi kanta.

Ni kuwa na koyi wata ɗabi'a marar kyau. In ya dawo sai in matso kamar zan karɓi hularsa, alhali bakinsa nake shinshinawa. Ashe ya gane tuntuni. Jiya da na matso sai ya riƙe hular, ya sunkuyo, ya huro mini numfashi a fuska da gangan. Ɗanyar albasa ce da goro. Ya ce gobe ma in duba, kada in gaji.

Ki turo mana irin tattasai in an samu mai zuwa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki har kullum,
Iklima