Irin Kaka Jibo

Attantane, 4 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Mardiya ɗiyar Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da iyali, da fatan zafi da sauƙi a Baudeta.

Ni ne Abdulhakim, jikan Sadiƙu, ƙanen kakanki Jibo. Ina da lambar salularki, amma kunya ta hana ni kira, don na san gidajenmu ba su gaisawa. Bara tsutsa ta cinye mana hatsi tun yana tsaye, kuma yunwa ta sa mun daka har irin shuka. Baki goma sha huɗu nake ciyarwa. Kowa ya san irin Kaka Jibo da ke rumbunki yana nuna da wuri, tsutsa ba ta cika riskarsa ba. Ina roƙon ko tiya biyar, don Allah da zumunci.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Abdulhakim

Baudeta, 9 ga Mayu

Gwaggo Hawwa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar? Yaya marayun jikokinki?

Gwaggo, zauna ki sha labari. Jikan Sadiƙu ya rubuto yana roƙon iri. A wurina! Har da kirana ƙanwa. Na yi dariya a tsakar lakwal, makarantar da nake koyarwa, har sauran malamai suka leƙo.

Wai zumunci. A gindin rumbun Kaka na girma, babu abin da bai gaya mini ba. Shi ya sare dajin da ya zama Gonar Gawo da gatarinsa, tun kura na kwana a wurin. Shekarar yunwa ya tafi cin rani, ya dawo ya iske an cinye iri, ya roƙi ƙanensa Sadiƙu. Ya shuka abin da aka ba shi, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Ya kwashe ku kuka yo Baudeta a ƙafa, ƙanwarku Auta ta mutu goye a bayan mahaifiyarku kafin ku kai Tasawa. Ƙurarku ba ta kwanta ba Sadiƙu ya shiga gonar ya zuba wake, har yau tana hannunsu. Kaka kuwa ya koma ɗan ƙwadago a gonakin mutane, yana tsintar zangarniyar da ta riga nuna, yana ɗaure ta dabam, shekara ashirin, kafin ya samu irin nan. Ranar da zai rasu ya riƙe hannuna ya ce kada ƙwaya ɗaya ta shiga gidan Sadiƙu. Babana ya yi shiru har ya bi shi lahira. Ni ban iya shiru ba, na tsani gidan nan, kuma ba zan ɓoye ba.

Abu guda Kaka bai sani ba: me aka yi wa irin har ya ƙi tsiro? Ke da aure ya maida ki garin, kin ji?

Ɗiyarki, Mardiya

Attantane, 15 ga Mayu

Ɗiyata,

Na amsa gaisuwa. Ƙahwa da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, na karatun manya ne, yana tahiya kamar sawun kaza.

Kin tono mini abin da na binne. Shekarata tara lokacin. Ni ke bin Baba ina jefa iri yana saran rami. Kwana tara bayan ruwa, gonar kowa ta yi kore, tamu hwayau. Baba ya duƙa ya tona rami, ya ɗauko ƙwaya ta kumbura ta ruɓe, babu ko ɗan bakin tsiro. Ya tona na biyu, ya tona na goma. Sai ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin Baba zaune cikin gona ba sai ranar.

Asiya matar Sadiƙu ce ta hwaɗa mini tana kan gadon mutuwa. Mijinta ya sa ta turara hatsin a madambaci, ta shanya shi a inuwa kwana ukku. In ya bushe, ko mai rumbu ba ya bambanta shi da mai rai. Ta ce shekara talatin ba ta iya cin dambu ba. Daga ni sai ke yanzu muka sani, ƴaƴansu ba su da labari.

Kada ki zaci na yahe ma Sadiƙu. Na je zaman makokinshi don dai in tabbatar. Amma yaron nan bai turara komi ba. Tun da mijina Malam ya rasu shi ke gyara mini danni, shi ke kai ni likita bisa amalankenshi. Ki ba shi, ko don yaran.

Allah shi yi miki albarka.
Gwaggonki

Baudeta, 22 ga Mayu

Yaya Abdulhakim,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, ladabinta ya burge ni. Ashe gidanku an iya roƙo.

Tiya biyar ka nema, ga goma nan na ba direban kamyon, babbar motar kaya, ranar kasuwar Mayahi. Ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ni na sussuka, ni na sheƙe, ni na gyara shi da hannuna kwana uku a inuwa, daidai yadda kakanka ya gyara wa kakana. Kada ka gauraya shi da wani iri, kada ka raba wa maƙwabta. Naka ne kai da baki goma sha huɗunka. Ka shuka shi duka da ruwan farko.

Ba sai ka gode ba. Kwana tara bayan shuka ka rubuto mini yadda gona take, ina ɗokin ji.

Mardiya jikar Jibo

Attantane, 19 ga Yuni

Ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi ruwan shuka ranar Litinin, har ya kai tsawon hannu a ƙasa.

Da na kwance buhun nan na kasa cin abinci. Mun riƙe muku gona shekara hamsin, ke kuma kin ninka mini abin da na roƙa. Ban san abin da ya shiga tsakanin kakanninmu ba, amma na san wanda ya sare Gonar Gawo. Na tara ƴan'uwana, mun sha rigima, ƙanena har yanzu ba ya kula ni. Daga ƙarshe mun je gaban mai gari da liman, na mayar wa Gwaggo Hawwa gonar mahaifinta.

Ki gafarce ni, na saɓa miki abu ɗaya. Na ga bai dace irin Jibo ya fara sauka a ƙasar kowa ba sai tasa. Muka yi gayya, mutum talatin, muka shuke Gonar Gawo da tiya goman nan kaf. Gwaggo ta ƙi zama a inuwa, da ƙafarta mai ciwo ta jefa ramin farko tana kuka tana kiran sunan Auta. Ita kuma ta buɗe rumbunta ta ba ni irin da ta ajiye wa kanta, duka, na shuka tawa gonar. Ƙaramar gonarta ta bayan gari ta bar wa wata bazawara, ta ce wa zai kula da ita ga Gonar Gawo.

In an yi kaka, damin farko naki ne. Ni da kaina zan kawo shi Baudeta.

Yayanki mai godiya, Abdulhakim

Attantane, 27 ga Yuni

Mardiya,

Ina gaisuwa. An ce kin yi ta kiran salular maƙwabta kina nemana. Ni na ce ba ni nan.

Yau kwana goma. Gonar Abdulhakim ta yi kore. Gonar Gawo hwayau. Jiya na duƙa na tona rami. Ban tona na biyu ba, na san abin tun ina shekara tara.

Babu sauran iri a garin nan, ko a kasuwa sai na daka. Yaran suna tambayata yaushe hatsin Kaka zai hito. Abdulhakim yana zagaya gonar yana cewa alhakin kakanshi ne ya ƙone ƙasar, yana neman gahwarata. Na bar shi a haka, ban hwaɗa ma kowa ba.

Sadiƙu ya zaunar da Baba cikin wagga gona. Ni kuwa ke kika zaunar da ni, da hatsin rumbun Baba.

In kin bar wani abu mai rai a rumbun, ki ɗauko shi ki taho da kanki kahin ruwa na gaba. Kada ki aiko direba. Akwai rami dubu a nan, ina so ki tona guda.

Hawwa ɗiyar Jibo