Ƙwaryarki Ta Hau Dandamali a Kuala Lumpur

Assalamu alaikum Inna, takwarata,

Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. To amma wa zan ba wannan labari in ba ke ba?

Inna, na yi! Ni Ummi, wadda in baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki da littafin soyayyata, jiya na zauna gaban mutane na kaɗa ƙwarya.

A kwalejinmu an ce kowane ɗalibi ya tsara kiɗan da mutum uku ko huɗu za su yi a ƙaramin zaure. Baba bai so ba. Ya ce karatun digirinsa ne ya kawo mu ƙasar nan, ba kiɗa ba, in zangon nan ya ƙare in koma lissafi. Kin san ɗanki in ya kafe.

Na tsara nawa da piyano, da babban gogen Turawa, da ƙwaryarki, wadda Mama ta ƙunso cikin zannuwa daga Kano. Na kife ta a bahon ruwa yadda kike yi a bikin suna, in mata sun rufe ƙofar gida. Mai gogen sunansa Idris, ɗan Malesiya ne. Inna, kada ki yi mini dariya. Ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Shi ya sa na rubuta gogen yana tambaya, ƙwarya tana noƙewa, sai can ƙarshe ta amsa. Kina jin ya gane?

Saura kaɗan a fara, mai kula da zauren ya hana mu hawa da ruwa, wai katakon dandamalin zai lalace. Da ni ce ta bara, da kuka kawai zan yi. Sai ga ni ina yi masa bayani. Idris ya ruga shagon abinci da suke kira mamak ya aro ledar tebur, muka shimfiɗa.

Ban san Baba ya zo ba. Da na saki kiɗan nan naki mai sauri, na hango shi a layin baya, ya cire tabarau, yatsunsa suna bin kiɗan a kan gwiwa. Ashe ya haddace shi? Ashe yana yaro laɓewa yake a zaure yana jin ki?

A jirgin ƙasa muna komawa unguwarmu Pantai Dalam, Baba ne ya rungume ƙwaryar, ya hana kowa riƙewa. Daf da tasharmu, yana kallon taga, ya tambaye ni yaushe ake rajistar zango na gaba.

Ban taɓa gaya miki ina son kiɗanki ba, kunya ta hana ni. Ina so, Inna. Zan ci gaba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

Takwararki mai kaɗa ƙwarya,
Ummi